Labaran Yawon Ƙarshen Mako a Turai: Wa Ya Zaɓi Abin Kallo?

Labarin tafiya yana cikin tsofaffin rassan zuben Hausa, ko da yake manazarta sun fi ba da ƙarfi ga waƙa da ƙagaggun labarai, suka bar shi a gefe. A 'yan shekarun nan wannan reshe ya yi sabon toho. Hausawan da karatu ko aiki ya zaunar da su a Turai sukan tashi ran Juma'a da yamma su tafi wata ƙasa, su komo Lahadi da dare, sa'an nan su rubuta abin da suka gani a jaridu ko a shafukan Facebook. Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Jamus ya tara irin nasa, tafiye-tafiye 9, ya aiko mini da nufin ya mai da su littafi. A kan wannan rubutu za a gina tarken nan, don kuwa na ga halayensa a kusan duk ire-irensa da suka zo hannuna. Tambayar da za a bi ita ce: wa ya zaɓa wa matafiyi abin da ya kalla, kuma da wane ma'auni ya auna shi?

Abin da ya sa irin wannan yawo ya yiwu sananne ne. An ƙulla yarjejeniyar Shengen a 1985, ta fara aiki a 1995, har ya zama mai takardar zama a Jamus yana iya shiga Faransa ko Italiya ko Sifen ba tare da neman wata biza ba. Ingila ba ta taɓa shiga wannan tsari ba, saboda haka ɗan Nijeriya da ke zaune a Landan sai ya nemi biza, duk da cewa tun 1994 jirgin ƙasa ke bi ta ƙarƙashin teku ya sada ta da Faransa. Ga kuma jiragen sama masu araha. Tafiyar da dā take cin watanni ta koma ta kwana biyu.

Kafin a yanke wa na yanzu hukunci, ya kyautu a waiwayi magabata. Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, ya isa Ingila a 1855 tare da Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya kuma je Hambug, garin ubangidan nasa. Labarinsa, wanda ya shibta wa J. F. Schön, ya fito a cikin Magana Hausa a 1885. Dorugu bara ne, ba a shirya masa rangadi don a burge shi ba, kuma wannan matsayi nasa shi ne ya amfani rubutun. Ya ga Turawa daga cikin gidajensu, ya lura da yadda suke zama cin abinci da yadda suke ma'amala, ya faɗa da Hausar yaron da bai riga ya koyi abin da ake so baƙo ya yi mamakinsa ba.

Na Abubakar Imam dabam ne. Ya tafi a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma wanda har da Nnamdi Azikiwe, kuma Tafiya Mabuɗin Ilmi ya fito a 1944. Masu masauki ne suka tsara inda za a je da wanda za a gani, kuma ba boyayyen abu ba ne cewa suna da bukata a cikin abin da editan Gaskiya Ta Fi Kwabo zai koma ya faɗa wa jama'arsa. Amma Imam ya tafi da ma'auninsa. Yana kallon Ingila, zuciyarsa tana kan halin da Arewa ke ciki, kuma ya san wanda yake yi wa magana, wato mai karatun da bai taɓa ganin teku ba. An zaɓa masa abin kallo, shi ya zaɓi abin da zai yi da shi. Shi kuwa Malam Aminu Kano, wanda ya yi karatu a Jami'ar Landan daga 1946 zuwa 1947, ya kuma ba da labarin zagayensa na Turai a Motsi Ya Fi Zama a 1955, shi ne ya fi kusa da matafiyan yau, domin mazauni ne, ɗalibi, ba baƙon gwamnati na 'yan makonni ba.

To, ɗalibin nawa ya fi waɗannan duka 'yanci. Ba ubangida, ba jami'in da ke riƙe da jadawali, kuɗinsa ne, ƙafarsa ce. Abin mamaki, rubutunsa ya fi na kowa zama a ɗaure. A Faris ya je Hasumiyar Ifel, ya gaya mana an gama ta a 1889, tsawonta mita 330. A Roma ya je tsohon dandalin Kolosiyam, ya ce an buɗe shi a shekara ta 80 Miladiyya. Duk gaskiya ne, amma ba sai mutum ya bar ɗakinsa zai san su ba. Jerin wuraren da ya bi, da tsarin da ya bi su, har da kusurwar da ya tsaya ya ɗauki hoto, duk intanet ce ta shibta masa. Ashe ya rabu da jami'in da ake gani, ya faɗa hannun wanda ba a gani, kuma wannan na biyu ya fi wuyar yi wa gardama, tun da matafiyi bai ma san ana jansa ba. Ba na faɗin haka da ɗagawa. Na yi shekara guda a Hambug ina bincike, na yi irin wannan yawo, kuma da na buɗe littafin da nake rubuta abin da na gani, sai na tarar sunayen gine-gine ne da farashin tikiti.

Inda asarar ta fi fitowa fili shi ne babinsa na Andalus. Ya kwana ɗaya a Ƙurɗuba, ɗaya a Garnaɗa. Ya ambaci cewa Abdurrahman na Farko ne ya fara gina babban masallacin Ƙurɗuba wajen 785, an mai da shi majami'a a 1236, Garnaɗa kuma ta faɗi a 1492. Daga nan sai shafi biyu na jimami a kan mulkin da ya kuɓuce wa Musulmi, irin jimamin da ɗan kowace ƙasa zai iya rubutawa. Alhali kuwa babu wani yanki na Turai da Bahaushe ke da tsohuwar hulɗa da shi kamar wannan. Alfazazi, mai Ishiriniya da ake rerawa a zaurukanmu da masallatanmu, haifaffen Ƙurɗuba ne, ya rasu a 1230. Ibn Malik, mai Alfiyya da ɗaliban nahawu ke haddacewa, an haife shi a Jayyan, garin da ba shi da nisa da biranen nan biyu. Ibn Asim, mai Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu suka daɗe suna karantawa, alƙalin Garnaɗa ne. Hasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a Garnaɗa aka haife shi, kuma littafinsa da aka buga a Banis a 1550 ya yi bayanin Kano da Katsina da Gobir da Zazzau da Zamfara. Na san wannan ɗalibi, na san a gidan malamai ya tashi, ya ji Ishiriniya tun yana goye. Ya tsaya a garin mai waƙar bai tuna ba, saboda jagoran da ya bi ba don irinsa aka shirya shi ba.

Wannan rashin ma'auni ya bi ya shafi harshen kansa. Masallacin Ƙurɗuba yana da ginshiƙai fiye da 800, da bakuna masu hawa biyu, ja da fari. Abin da marubucin ya iya cewa shi ne ginin yana da kyau ƙwarai, yana da ban sha'awa, kalmomin da ya riga ya kashe a kan hasumiyar Faris da magudanan Amsatadam. Hausa ba ta rasa kalmomin gini ba. Akwai bakan gizo, da ɗaurin guga, da azara, da zanko, da indararo. Wanda ya taɓa shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu a ƙarni na 19, ya ɗaga kai ya ga yadda bakuna ke tashi daga ginshiƙi su haɗu a sama, yana da abin da zai ɗora Ƙurɗuba a kai, ya ce nan sun yi kama, nan sun saɓa, wancan ƙasa ce da azara, wannan dutse ne da jan bulo. Da haka mai karatu a Funtuwa ko Maraɗi zai ga ginin da idonsa. Kwatance ba ado ba ne a labarin tafiya, shi ne hanyar da baƙon abu ke bi ya shiga harshe. Idan aka daina yinsa, kalmomin sana'a sukan mutu, a bar mu da "kyau" da "girma" kawai.

Wani zai ce laifin ƙarancin lokaci ne, kwana biyu ba su isa a san gari ba. Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya sayi tikitin fadar Alhamra tun makonni kafin tafiya, aka yanka masa sa'ar shiga, ba shi da sukunin zama a bakin kasuwa. Amma rubutun da kansa ya ƙaryata wannan uzuri, domin akwai abubuwan da suka faru a cikin kwana biyun, ya taɓa su da jimla ɗaya ya wuce. Ya ce 'yan sanda sun shigo jirgin ƙasa a kan iyaka, shi kaɗai suka nemi takardunsa a taragon. Ya ce ya yi sallar La'asar a bayan wata tasha, yana ɗari-ɗari. Ya ce a gindin hasumiyar Faris samarin Afirka ne ke tallan 'yan ƙananan hasumiyoyi, kuma a kusa da tashar jirgin Nafoli ya ji ana Hausa, da ya tambaya aka ce ta Agadas aka biyo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa babi. Mutum biyu masu harshe ɗaya sun haɗu a gari ɗaya, ɗaya ya zo hutu da jirgin sama, ɗaya ya ratso hamada da teku, amma marubuci ya ba wa haɗuwar layi uku, ya ba wa Kolosiyam shafi huɗu. Ina jin kunya ce ta hana shi, da kuma tunanin cewa mutanen gida daɗi suke so su ji an sha.

Shafi ɗaya ne a cikin rubutun duka na karanta sau biyu. A hanyarsa ta komowa daga Firag jirgin da zai canja ya wuce ya bar shi a wani ƙaramin gari na Jamus, ran Lahadi, ranar da doka ta sa kantuna ke rufe. Ba abin kallo, ba jerin da zai bi. Sai ya zauna ya kwatanta shirun garin da na unguwarsu a hantsin azumi, ya lura da tsofaffi suna tafiya maƙabarta da butocin ban ruwa don furannin da ke kan kaburbura, ya tsaya yana tambayar kansa yaushe rabonsa da kabarin mahaifinsa. A nan jimlolinsa suka saki jiki, karin magana ya zo masa ba tare da ya nema ba. Na mayar masa da rubutun, na ce ya fara littafin daga wannan shafi, ya kuma sake komawa Ƙurɗuba kafin takardar zamansa ta ƙare.