Littafin da Ya Sa Tsohon Ambulan Ya Yi Magana

Kai, jama'a, wannan littafi ya yi! Sunansa The Postal Services of the British Nigeria Region Prior to 1914, Jack Ince da John Sacher ne suka wallafa shi, ƙungiyar masu tara kan sarki ta Landan, wato Royal Philatelic Society, ta buga shi a 1992. Ƙato ne, mai nauyi a hannu, kuma duk mai son kan sarki da tarihin gidan waya na ƙasar nan, in bai riƙe shi ba, to da saura.

Abin da ya fara burge ni shi ne yadda marubutan suka nuna cewa kafin 1914 babu wani gidan waya guda ɗaya mai suna na Najeriya. Ikko na da kan sarkinta tun 1874. Yankin rafukan manja na kudu ya fara da na Ingila da aka buga wa suna a kai a 1892, daga baya ya koma Niger Coast. Kamfanin Royal Niger kuwa, da ya mamaye kogunan Kwara da Binuwai da ciniki, bai taɓa buga nasa ba. Na Ingila ake mannawa, a danna musu hatimin kamfanin a Akassa ko Burutu ko Lakwaja. Har ofishin wasiƙun ƙaramin jakadan Ingila da ke tsibirin Fernando Po ba su bari ba, sun bi shi. Wannan haƙuri nasu, Allah ya sani, abin a yaba ne.

Amma ni inda zuciyata take shi ne Arewa. Ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, a shekarar kuma kan sarki na farko mai rubutun Northern Nigeria ya fito daga maɗabar De La Rue ta Landan. Guda tara ne, daga ɗari har sule goma, da fuskar Sarauniya Biktoriya. Ku riƙe na kwabo a tafin hannu ku gani: launin shunayya mai sanyi, sunan ƙasa da farashi da jan tawada, gefensa haƙora-haƙora. Ɗan mitsitsi ne, amma wallahi kyakkyawa! Sarauniyar ta mutu a Janairun 1901, shi ya sa zamaninsa bai yi tsawo ba, na Sarki Edward na 7 suka maye gurbinsa a 1902, na George na 5 suka zo a 1912. Ku lura da wani abu a nan: ranar da aka buga wa kan sarkin farkon nan sunan Arewa, Turawa ba su ci Kano ba, ba su ci Sakkwato ba. Sai a Fabrairu da Maris na 1903 garuruwan biyu suka faɗa hannunsu. Ashe an sa wa ƙasa suna a takarda tun masu ita na kan gadon mulkinsu.

Akwai kuma sarkinsu duka, mai fam 25 na 1904, kore da ja. Wace wasiƙa ce za ta ci fam 25 a wancan zamani? Na biyan kuɗaɗen hukuma ne, kuma yau yana cikin mafi wuyar samu a duk kan sarkin Afirka ta Yamma. Ko hotonsa mutum ya gani sai ya ja numfashi.

Duk da haka, babban alherin da littafin nan ya yi mini shi ne ya ɗauke idona daga fuskar sarki ya mayar da shi kan hatimi. A farkon lamarin, kafin hatiman ƙarfe su iso, da alƙalami ma'aikaci yake soke kan sarki, ya rubuta sunan wurin da kwanan wata da hannunsa, kamar yadda aka yi a Jebba. Tawadar mutumin da ya zauna a bakin Kwara fiye da shekara 120 da suka wuce, ga ta nan ba ta goge ba! Sannan a juya ambulan a dubi bayansa. Kowane zango ya bar shaidarsa. Wasiƙar da ta tashi daga Zungeru, hedikwatar Lugga tun 1902, za ta gangara Lakwaja, ta bi ruwa zuwa Burutu da Forcados, a ɗora ta a jirgin Elder Dempster sai Liverpool. Mai karatu na iya ɗaukar kwanan watan wannan hatimi ya gwada da na wancan, ya san kwana nawa ta yi a hanya, ya ma gane ko da rani ne, lokacin da ruwa ya janye jirgi ya kasa wucewa sai kwalekwale. Daga bakin kogi zuwa cikin ƙasa kuwa, mutane ne ke ɗaukar jakar wasiƙu a ka, su yi ta sheƙa tafiya a ƙasa. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai lissafin kwanakin nan ya sauya gaba ɗaya, kuma a jikin ambulan ake ganin sauyin.

Mutanen nan masu ɗaukar jaka suna tsaya mini a rai. Kakanninmu ne. Ambulan da suka tsira galibinsu na hafsoshi da joji-joji da 'yan mishan ne masu rubuta wa iyalansu a Ingila, sunan Bature na nan raɗau a gaba, wanda ya sha rana da wasiƙar kuwa ba a rubuta nasa ba. Wannan giɓi aikinmu ne mu cike shi, kuma Ince da Sacher sun share mana hanya, tunda sun nuna ta inda wasiƙun suka bi.

Littafin ya tsaya a 1914, shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu aka fitar da kan sarki mai suna Nigeria kawai. Wanda ya ɗanɗana ba zai tsaya nan ba. Zai nemi na 1953 mai mahaya dawakin Barno da mai gyaɗa da mai gadar Jebba, ya nemi na 1959 na mulkin kan Jihar Arewa, mai Lugard Hall ta Kaduna da mai masallacin Kano. Akwai kuma ƙungiyar West Africa Study Circle da mujallarta Cameo, inda masu wannan sha'awa ke ci gaba da tono.

Da Turanci aka rubuta shi, samunsa kuma sai an dage. Amma ya cancanci wahalar, ya kuma cancanci zama a ɗakin karatun kowace jami'a a Arewa. Ku kuma 'yan uwa, don Allah in kun buɗe adakar kaka kun tarar da tsohuwar wasiƙa, kada ku ɓamɓare kan sarkin, kada ku yanke shi da almakashi. Ku bar shi a jikin ambulansa, da hatiminsa na gaba da na baya, ku adana shi inda gara da laima ba za su taɓa shi ba.