Gawa Mai Magana: Finafinan Binciken Kisa a Idon Mai Kallo na Sokode da Dapaong

A zangon Sokode, kamar dai a Kano ko Maraɗi, wanda ya cika da hantsi ba ya kai la'asar a gida. A yi masa wanka da sutura, liman ya sallace shi, a kai shi makwancinsa, a dawo a shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Da dare kuwa, a falon maƙwabta ko a rumfar mai shayi, talabijin na nuna wata gawar daban. An kwantar da ita a teburin ƙarfe, likita ya buɗe ƙirjinta, ya auna hanta, ya kankare ƙasan farce, ya mayar da ita cikin firji sai gobe. Mutanen da ba za su yarda a kusanci gawar mahaifinsu da aska ba, su ne ke zaune sun ƙura ido suna jiran jin abin da aka gano a huhun wani Ba'amurke. Me ke riƙe su a wurin?

Sokode garin Kotokoli ne, amma tun zamanin da ayarin fatake ke tashi daga Kano zuwa Salaga neman goro ake jin Hausa a unguwar Didawure da zango. Dapaong, can arewa kusa da iyakar Burkina Faso, garin Moba ne, nan ma kasuwa ba ta rasa Bahaushe. Da yake bokon Togo na Faransanci ne, waɗannan finafinai da muryar Faransawa suke iso musu, galibi ta tauraron Canal+. Shirin da ɗan Kano ya sani da CSI, ɗan Sokode Les Experts yake ce masa.

Manya sun riga sun saba da wani mai binciken kafin wannan. Derrick, sufeton nan na Jamus da Horst Tappert ya fito a matsayinsa daga 1974 zuwa 1998, ya daɗe a gidajen talabijin na ƙasashe rainon Faransa. Makaminsa baki ne da haƙuri. Zai zauna a falon wanda yake zargi, ya yi tambaya, ya yi shiru, ya sake dawowa gobe, har zuciyar mai laifi ta kasa ɗauka. Wannan salo bai yi wa mutanenmu baƙo ba, don haka mai unguwa da alƙali ke tuhuma. Finafinan 'yan sanda na maƙwabta, irin su Commissariat de Tampy na Missa Hébié a Wagadugu, su ma a kan baki suka dogara, da ɗan barkwanci a kai.

Likitan gawa ya zama jarumi da kansa a Quincy, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1976. BBC ta kawo Silent Witness a 1996, wanda tsohon ɗan sanda Nigel McCrery ya ƙirƙira. A Indiya C.I.D. ya shekara 20 yana gudana daga 1998, da Dakta Salunkhe a ɗakin gwaje-gwajensa. Amma CSI na Anthony Zuiker, da ya fara a Oktoban 2000 ya kai 2015, shi ya juya al'amarin. A cikinsa an rage darajar shaida mai numfashi, an ɗaga ta abu maras rai. Gil Grissom, shugaban masu binciken, masanin ƙwari ne, ya fi amincewa da tsutsar da ke jikin gawa a kan rantsuwar mutum goma, domin girman tsutsa na nuna kwanakin mutuwa, kuma ba ta da ɗan'uwa a cikin waɗanda ake zargi.

Tsarin labarin kusan ɗaya ne kullum. Kafin minti biyar an tsinci gawa, an kewaye wurin da rawayan ƙyalle. Wanda aka fara zargi ba shi ba ne. Sai gashi ɗaya, ko kwanson harsashi, ko ɗigon jini a bayan ƙofa ya nuna wani da ba a zata ba. A ƙarshe a zaunar da shi a ɗakin tambaya, a tura masa hoto a gabansa, ya sunkuyar da kai ya amsa laifi. Abin lura shi ne nan shirin yake ƙarewa. Da wuya a kai mu kotu, balle mu ga lauyan da zai ce an gurɓata samfurin a hanya, ko fayil ɗin da ya kwana shekara a aljihun tebur. Marubutan sun yanke labarin daidai inda wahalar gaskiya take farawa.

Ilimin da suke jingina da shi ba ƙage ba ne. A 1910 Edmond Locard ya buɗe ɗakin binciken 'yan sanda a birnin Liyon na Faransa, bisa ƙa'idar cewa duk wanda ya taɓa wuri sai ya bar wani abu, ya kuma kwashi wani abu. Makiyayin da ya taɓa bin sawun saniyar da aka sace ba zai yi musun wannan ba. A 1984 Alec Jeffreys na Jami'ar Lesta a Ingila ya gano yadda ake bambance mutum da mutum ta ƙwayar halittarsa. Karon farko da 'yan sanda suka nemi taimakonsa a shari'ar kisa, sakamakon bai kama kowa ba tukuna, wanke wani ya yi. Wani saurayi ne a hannu, har ya amsa cewa shi ya kashe ɗaya daga cikin 'yan mata biyu da aka yi wa fyaɗe. Gwaji ya nuna ba shi ba ne. Sai daga baya aka kama Colin Pitchfork, aka ɗaure shi a 1988.

A ganina wannan ce babbar kyautar da waɗannan finafinai suka yi wa mai kallo na yankinmu. Sun koya masa cewa amsa laifi ba ita ce ƙarshen magana ba. A ƙasashen da kowa ya san yadda kulki ke buɗe bakin wanda bai ci nanin ba, kuma a unguwannin da mutuwar farat ɗaya ke sa a fara kallon kishiya ko wata tsohuwa da maita, ba ƙaramin abu ba ne yaro ya tashi yana tambayar ina hujja.

Sai dai suna yin ƙarya biyu, kuma masu nauyi. Ta farko a kan lokaci: gwajin da kan ci makonni ko watanni, a fim kafin a dawo daga talla ya fito. Ta biyu a kan tabbas. Na'ura ta yi ƙara, hoton mai laifi ya bayyana, shi ke nan. A 2009 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa a Amurka ta fitar da rahoton da ya ce, in ban da gwajin DNA, yawancin dabarun nan ba a tabbatar a kimiyyance cewa suna iya nuna mutum ɗaya tak ba. A 2015 hukumar FBI ta amsa cewa masananta sun zarce gona da iri a shaidar kwatanta gashi, a fiye da kashi 90 cikin ɗari na shari'un da aka sake dubawa. Wasu daga waɗanda aka yi wa wannan shaida hukuncin kisa aka yanke musu.

Mutumin Dapaong ba sai ya je Amurka neman misali ba. Ƙetaren iyaka, a Wagadugu, an tono kabarin tsohon shugaban Burkina Faso Thomas Sankara a watan Mayun 2015, kusan shekara 28 bayan kashe shi. Takardar mutuwarsa ta 1988 cewa ta yi mutuwar Allah da Annabi ya yi, kuma likita ne ya sa mata hannu. Binciken ƙasusuwan ya nuna raunukan harsashi fiye da goma. Amma gwajin DNA da aka kai Faransa, daga baya Sifen, bai iya tabbatar da komai ba, ƙasa da shekaru sun cinye abin da za a gwada. Da aka zo shari'a, wadda ta ƙare a Afrilun 2022 da ɗaurin rai da rai ga Blaise Compaoré, wanda ya gaje shi a mulki, a bayan idonsa, bakin shaidu ne ya ɗauki nauyin da na'ura ta kasa.

Togo ma tana da nata. Da safiyar 4 ga Mayun 2020, sa'o'i kaɗan bayan rantsar da shugaba Faure Gnassingbé, aka tarar da Kanar Bitala Madjoulba, kwamandan wata babbar bataliya, kwance cikin jini a ofishinsa a Lome. Ɗan Siou ne, a arewacin ƙasar. Duk abin da marubucin Les Experts ke so yana cikin wannan lamari: rufaffen bariki, babban mutum, harsashin da likita ya ciro. An nemi masana bindiga daga Gana da Faransa, sakamako ya nuna da bindigarsa aka harbe shi. A fim, minti biyar suka rage. A zahiri sai Nuwamban 2023 kotun soja ta yanke hukunci, ta ɗaure tsohon hafsan hafsoshin ƙasar, Janar Abalo Kadangha, shekara 20, shi kuwa bai amsa laifin ba. Harsashi ya faɗi bindigar da ya fito, bai faɗi hannun da ya riƙe ta ba.

Wannan kanar ne, shi ya sa aka ɗauki harsashinsa a jirgi. A Afrilun 2013 an harbe wani ɗan makaranta mai shekara 12 a Dapaong, lokacin da ɗalibai suka fito goyon bayan malamansu masu yajin aiki, kuma Amnesty International ta yi shekaru tana neman a hukunta wanda ya yi harbin. A Yulin 2022, cikin kwanakin babbar salla, yara bakwai suka mutu da dare a ƙauyen Margba na gundumar Tone, wadda Dapaong ce hedikwatarta. Da farko maganar nakiya aka yi. Bayan 'yan kwanaki rundunar soja ta fito ta ce jirginta ne ya kai musu hari, ya ɗauka 'yan ta'adda ne. Abin da ya bayyana gaskiya a nan shi ne hukuma ta ga dama ta faɗa.

Da wannan ake gane abin da ke riƙe mai kallo a rumfar mai shayi. Na'urorin suna burge shi, amma abin da ya fi kwaɗaita masa shi ne ƙasar da ke bayansu, wadda ba a taɓa nuna fuskarta a shirin: inda gawar almajiri da ta attajiri ke hawa teburi ɗaya, likita ya rubuta abin da ya gani ya koma gida ya yi barci, babu wayar da za ta shigo daga sama. A tsarin shari'ar da Togo ta gada daga Faransa, mai gabatar da ƙara ko alƙalin bincike ne ke ba da umarnin fiɗar gawa. In bai bayar ba, ko da an jibge na'urorin duniya a asibitin Sokode, babu abin da zai motsa. Legas ta buɗe cibiyar binciken DNA a 2017, aka ƙone ta a tarzomar Oktoban 2020. Gini da kayan aiki su ne mafi sauƙi a cikin lamarin.

Akan ce addini ne ya hana mu, kuma wannan rabin magana ce. Gaskiya ne an umarce mu da gaggauta jana'iza, akwai kuma hadisin da ya daidaita karya ƙashin mamaci da na mai rai. Amma majalisar manyan malaman Saudiyya a 1976, da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1987, sun halatta fiɗar gawa idan ana neman gano musabbabin mutuwa a shari'ar kisa. A Ingila Musulmi da Yahudawa sun matsa har aka fara duba wasu gawarwaki da na'urar hoton cikin jiki, ba tare da an yanka ba. Hukunci da alama kuwa tsoho ne a wurinmu. Duk ɗan makarantar allo ya san rigar Annabi Yusuf da aka duba ta ina ta yage, da kuma rigar farko mai jinin ƙarya. Wanda ya karanta Risala a zaure ya san ƙasama, rantsuwa hamsin da dangin mamaci ke yi, ya kuma san Malikiyya na ɗaukar furucin mai mutuwa cewa jininsa na wuyan wane a matsayin abin da ke buɗe ƙofar tuhuma. Maƙwabtanmu ma, irin su Lobi da Akan, suna da al'adar ɗaukar gawa a ka a tambaye ta wanda ya kashe ta. Son jin ta bakin mamaci ya riga talabijin zuwa yankin nan.

Abin da ya fi hana mu, in za a faɗi gaskiya, shi ne kuɗin ajiyar gawa da nisan inda ƙwararru suke, ga tsoron shiga hannun jandarma, sai kuma kunyar a ce wane ya kai ɗan'uwansa ƙara a kan gawa. Duk waɗannan akan naɗe su cikin kalma ɗaya mai daɗin ji, a ce an bar wa Allah. Wani lokaci tawakkali ne na gaske. Wani lokaci kuma mai laifin ne ya fara faɗar ta a wurin zaman makoki.

Shi ya sa nake ganin duk marubucin Hausa da ya kwaikwayi CSI kai tsaye, da farar riga da shuɗiyar fitila, zai yi asarar kuɗinsa. Mai kallo ya san ba haka garinsu yake ba. Labarinmu yana wani wuri. Mutum na farko da ke duba gawa a zango ba likita ba ne, mai wankan gawa ce. Ita ke ganin shatin yatsu a wuyan amaryar da aka ce ciwon ciki ne ya kashe ta. An koya mata cewa rufa asirin mamaci lada ne, dangin miji na tsaye a ƙofa da makara, liman yana duba agogo, saura awa biyu la'asar. Ta yi shiru ko ta yi magana? In ta yi, wa za ta gaya wa, da wane harshe, a garin da kotu ke zama da Faransanci? Babu marubucin Amurka da ke da irin wannan matsi na lokaci a hannunsa, nasu gawar tana firji tana jira.

Kano na da masu shirya fim, Arewa24 ta nuna cewa ana iya riƙe masu kallo shekaru da shiri mai dogon zango, kuma ana kallon waɗannan shirye-shirye a zangunan Sokode da Dapaong kamar yadda ake kallonsu a Fagge. Ga marubutanmu: ku nemi likita da alƙali da malamin fiƙihu ku zauna da su kafin ku ɗora biro a takarda, ku bar sakamakon gwaji ya yi jinkiri, wani lokaci ya dawo babu amsa, kuma kada ku rufe labarin a ɗakin tambaya. Ku kai mu kotu mu ga yadda aka ƙare.