Gurnanin Jita: Nazari Kan Al'adar Tura Amfilifaya Ta Wuce Iyakarta

Mutanen da suka fara ƙera amfilifayar jita a Amurka buri ɗaya gare su, sauti ya fita da ƙarfi kuma ya fita tsaf, yadda tsirkiya ta furta shi. Leo Fender, wanda sunansa ke jikin dubban jita a yau, asalinsa mai gyaran rediyo ne a Kalifoniya, kuma a wurin mai gyaran rediyo duk wata dushewa ko gurnani a lasifika alamar lalacewa ce. Makaɗan ne suka saɓa musu. Sun ji wani abu a cikin wannan lalacewa da ya fi tsabtar daɗi a kunnensu, suka bi shi shekara da shekaru, har neman sa ya zama al'ada mai malamanta da kayan aikinta da kasuwarta. Abin da nake son nunawa shi ne, waɗanda suka fi gwanancewa a wannan al'ada sun gane cewa ƙarin ƙarfi ba ya amfani sai an haɗa shi da ragi, kuma yawancin masu bin sawunsu a yau rabin farko kawai suka riƙe.

A ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki akwai ɗan abin da ake kira fikof. Maganaɗisu ne da aka nannaɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, wadda ba ta fi gashin kai kauri ba, sau dubbai. A irin na Fender naɗin yakan kai wajen 8,000. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi karkarwa a samansa, sai wata 'yar wuta ta taso a cikin wayar, galibi ba ta kai bolt ɗaya ba. Wannan 'yar wutar ce amfilifaya ke karɓa ta riɓanya. Yawan riɓanyawar da ake yi mata a matakan farko shi masu jita ke kira gen, kuma daban yake da ƙarar da ke fita ta lasifika. Kowane mataki a cikin amfilifaya yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. In aka tura masa fiye da haka sai ya sare kan igiyar sautin, kamar yadda mai awo ke share tozon mudu idan hatsi ya yi tsororuwa. Wannan sarewar ke haifar da ƙananan sautuka a saman na asali, su kunne ke ji a matsayin gurnani. Tana kuma matse tazarar da ke tsakanin bugu mai ƙarfi da mai sauƙi, shi ya sa sautin ke daɗewa yana ja bayan an sake tsirkiya. Amfilifaya mai bawul, irin kwalaben nan da ke haske a cikin tsohuwar rediyo, takan sare a hankali, da laushi. Wannan laushin ne aka shafe shekaru ana bi.

Farkon lamarin haɗari ne da ɓarna. A 1951, a situdiyon Sam Phillips da ke Memphis, aka ɗauki waƙar Rocket 88 ta Jackie Brenston da ƙungiyar Ike Turner. Lasifikar amfilifayar mai jitarsu, Willie Kizart, ta lalace a hanya, aka cusa mata takarda aka ci gaba da aiki, Phillips kuwa ya ji sautin ya bar shi yadda yake. A 1958 Link Wray ya huhhuda lasifikarsa da fensir don kiɗan Rumble, a 1964 kuma Dave Davies na ƙungiyar Kinks ya tsaga tasa da reza. A Nashville, a 1960, wata hanya a na'urar haɗa sauti ce ta samu matsala ana ɗaukar waƙar Marty Robbins mai suna Don't Worry, jitar Grady Martin ta fito da wani irin zuzu. Injiniyan, Glenn Snoddy, ya zauna ya ƙera da'irar da za ta maimaita wannan matsala duk lokacin da ake so, kamfanin Gibson ya fitar da ita a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Ba ta yi kasuwa ba sai a 1965, da Keith Richards ya taka ta a waƙar Satisfaction. Daga nan lalacewa ta shiga ɗan akwati, ana taka ta da ƙafa, ana kuma kashe ta in an ga dama.

A Ingila hanyar ta bi ta ƙara. Jim Marshall, mai shagon kayan kiɗa a yammacin Landan, ya fitar da amfilifayarsa ta farko a 1962 bisa tsarin Fender Bassman, kuma zuwa 1965 yana ƙera mai wat 100 saboda makaɗa irin su Pete Townshend suna neman abin da zai danne ganguna da ihun jama'a. Waɗannan amfilifayoyi ba sa gurnani sai an ƙure su. Sautin da Eric Clapton ya samu a faifan John Mayall na 1966, da jitar Les Paul da Marshall a buɗe, haka aka same shi, kuma kunnuwa ne suka biya kuɗin. Townshend ya daɗe yana magana a fili kan lalacewar jinsa. Saboda haka tambayar da ta mamaye shekarun da suka biyo baya ita ce yadda za a samu gurnanin ba tare da rushe ɗaki ba.

Amsa ta farko ita ce a ƙarfafa wutar tun daga jikin jita. Seth Lover ya riga ya ƙera wa Gibson fikof mai naɗi biyu, wanda ya fara fitowa a jitocinsu a 1957. Manufarsa kashe zuzun wutar lantarki da fikof mai naɗi ɗaya ke kwasowa, amma ya zo da ƙarin ƙarfi da kauri a kan hanya. A farkon shekarun 1970 Larry DiMarzio na New York ya ɗauki wannan ya ƙara naɗi, ya sa maganaɗisu mai ƙarfi, ya sayar da shi da sunan Super Distortion don mutum ya cire na jitarsa ya dasa wannan. Daga baya EMG suka zo da nasu mai ɗan batir na bolt 9 a cikin jita, wanda makaɗan Metallica suka yi suna da shi. Sai dai ƙarin naɗi yana da farashi. Waya in ta yi yawa tana cinye siraran sautuka na sama, sautin ya yi kauri ya rasa haske. Kuma abin da aka dasa a jikin jita ya zauna ke nan. A ganina wannan ce mafi rauni a cikin hanyoyin, musamman yanzu da amfilifaya ke da gen fiye da buƙata. Fikof mai matsakaicin ƙarfi yana barin hannun makaɗi ya yi magana.

Amsa ta biyu feda ce, ɗan akwatin da ake sawa tsakanin jita da amfilifaya, kuma nan ne hikimar al'adar ta taru. A tsakiyar shekarun 1960 wani kamfanin Landan ya fitar da Dallas Rangemaster, ɗan akwati mai taransista ɗaya tak. Amfilifayoyin Ingila na lokacin, in an ƙure su, sautinsu yakan yi duhu ya cakuɗe. Rangemaster yana riɓanya sautukan tsakiya da na sama ne kawai, ya bar na ƙasa a baya, don haka abin da ke isa bawul ya riga ya rage nauyi kafin a sare shi. Rory Gallagher da Brian May sun haɗa irinsa da Vox AC30, Tony Iommi na Black Sabbath ya yi aiki da shi. A lura da wannan da kyau: mutumin da ake dangantawa da mafi nauyin sautin jita a zamaninsa, na'urar da ke gabansa asalinta mai rage nauyi ce.

Haka labarin yake da Tube Screamer, koren akwatin nan da Ibanez ta Japan ta fitar a ƙarshen shekarun 1970, wanda injiniya Susumu Tamura ya tsara. Mamurɗai uku gare shi: na gurnani, na haske, na ƙarfin fita. Ku dubi yadda makaɗin da ya san aikinsa ke saita shi a gaban amfilifaya mai zafi irin Peavey 5150. Zai durƙusa ya murɗa na gurnani har ƙasa, ya kai shi sifili. Na ƙarfin fita ya ƙure shi. Na haske ya bar shi wajen tsakiya, ya buga tsirkiya mafi kauri da gefen tafin hannunsa a kanta, ya saurara, ya ɗan ƙara. Sai kuma ya miƙe ya je ga amfilifayar ya rage gen ɗinta. Wato ya sayi fedar gurnani ya kashe gurnaninta. Abin da yake nema shi ne halin da'irar na rage sautukan da ke ƙasa da karkarwa 720 a daƙiƙa, ta tura na tsakiya gaba. Kafin ya taka, bugun tsirkiyar yana fita a kumbure, kowane bugu na shiga cikin na bayansa. Da ya taka, sai kowanne ya tsaya da ƙafarsa, a yanke, ana iya ƙirga su ko da gudu ake yi. Stevie Ray Vaughan, wanda kiɗansa ya yi nisa da na waɗannan, kusan haka ya riƙa amfani da ita a gaban amfilifayar Fender.

Dalilin yana cikin yadda sarewa ke aiki. Sautukan ƙasa sun fi ɗaukar wuta, su ke fara cika matakin amfilifaya su hana sauran wuri. Sannan idan sautuka biyu ko uku suka shiga wurin sarewa tare, suna haifar da wasu sababbi da ba su dace da kowa ba. Wannan ne ya sa makaɗan rok masu gen da yawa suka koma buga tsirkiya biyu da suka fi jituwa, suka bar haɗin sautuka masu yawa da makaɗan jaz ke yi. Na'ura ta canza yadda ake tsara waƙa, ta buɗe wata ƙofa ta rufe wata, kuma bai kamata mai nazari ya ambaci ɗaya ya bar ɗaya ba.

Amsa ta uku ta fito daga cikin amfilifayar kanta. Randall Smith na Mesa Boogie ya jera matakan bawul, wannan na tura wancan, Carlos Santana ya samu sautin da ke ja kamar ba zai ƙare ba. Marshall ta sa mamurɗi na biyu a 1975, ta yadda za a ƙure matakin farko a rage ƙarar fita. Daga nan gen ya yi arha.

Arhar ce damuwata. Wanda ya saurari Jimi Hendrix da kyau zai ji cewa ba ya zama a gurnani ɗaya. Fedarsa ta Fuzz Face, da'ira mai taransista biyu, tana da halin da in aka ɗan murɗa mamurɗin jikin jita baya sai ta washe, sautin ya dawo kusan tsaf. Da ɗan yatsa yake tafiya tsakanin raɗa da tsawa, a cikin jimla ɗaya ta kiɗa. Mai koyo a yau yakan ƙure komai tun ranar farko, saboda gen mai yawa yana sa yatsa mai rauni ya yi kama da mai ƙarfi. Yana jin daɗi a ɗakinsa, amma matsewar da ke taimakonsa ita ke shafe bambancin taɓawarsa da ta kowa. Ranar da ya hau dandali tare da mai ganga da mai bas, sai sautin ya narke, ba a jin komai sai zuzu. Ban ce ƙurewa ba ta da gurbi ba. Ƙungiyar Entombed ta Suwidin ta ƙure dukkan mamurɗan fedar Boss HM-2 a faifanta na 1990, ta kafa salo sukutum a kan hakan. Amma zaɓi suka yi da saninsu, don waƙoƙin da aka tsara domin wannan sautin. Kasuwa kuma ta ƙara dagula abin, inda feda irin Klon Centaur, wadda Bill Finnegan ya fara ƙerawa a 1994, ake sayar da tsohuwarta dubban daloli, matasa na zaton sauti a cikin akwati yake.

Mu a nan al'adar ba baƙuwa ba ce kamar yadda ake zato. Kunnen Afirka ta Yamma ya daɗe da son sauti mai zuzu. Masu balafon sukan manna siririyar fata a hudar ƙoƙunan da ke ƙarƙashinsa don ya riƙa zuzu, kuma muryar algaita da goge ba masu santsi ba ne. A shekarun 1970 ƙungiyoyin Legas irin su BLO da Ofege sun taka feda sosai. Amma inda abin ya fi kama ƙasa shi ne wajen Abzinawa. Daga Tinariwen zuwa Abdallah Oumbadougou, zuwa Bombino da makaɗan bukukuwan aure na Agadas, jitar lantarki ta zama kayan gida, sau da yawa da ƙaramar amfilifaya da aka ƙure don sauti ya isa bayan taro a fili. Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, cikin salon waƙoƙin Hausa na lokacin, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya. A faifansa Afrique Victime na 2021 gurnanin ya kai na kowa a duniya, duk da haka ana jin kowane yatsa. Da yatsu yake bugawa, yana barin wata tsirkiya tana amo a ƙasa yayin da sauran ke gudu a sama, kuma irin wannan kiɗa ba ya jure cakuɗewa. Dole gurnanin ya tsaya inda ƙwayoyin sauti ke rarrabuwa.

Don haka ga matashin da ke koyon jita a Kano ko Damagaram ko Yamai, yana tara kuɗin feda: ka fara da amfilifayar da ke hannunka. Ka murɗa gen zuwa inda bugu mai sauƙi ke fita tsaf, mai ƙarfi kuma ya fashe, ka zauna a nan wata da watanni har hannunka ya iya zaɓar wanda yake so. In ka tashi sayen feda, ka nemi wadda ke rage sautin ƙasa, ka sa ta a gaban amfilifaya, ka rage gen ɗin amfilifayar kafin ka taka.