Ɗan Ruwa da Tafin Hannu: Alamtarwa a Labarin Yaro Mai Galahanga

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa, suna linzami ne. Alamar da marubuci ya liƙa wa tauraronsa ma haka take, domin ita ke jan mai karatu zuwa ga tausayi ko ƙyama. Wannan maƙala za ta dubi alamtarwa da zayyana a labarin iyalin da ke renon yaro mai galahanga, wato larurar da likita Leo Kanner ya bayyana a Amurka a 1943, wadda kan shafi magana da cuɗanya da mutane.

2.0 Alamar da Aka Hango Daga Waje

A camfin Bahaushe akwai ɗan ruwa: yaron da aka ce aljanu sun musanya, wanda in an ajiye shi a bakin kogi zai rikiɗe maciji ya shige ruwa. Turawa ma suna da irin wannan tatsuniya ta musanyar jariri. A 1967 kuma Bruno Bettelheim ya fito da littafinsa The Empty Fortress, inda ya kamanta yaron da ganuwar da ba kowa a cikinta, ya ɗora laifin a kan sanyin zuciyar iyaye, musamman uwa. Bincike ya rushe wannan ra'ayi, ya nuna gado yana da babban tasiri a larurar. Aibin alamun biyu ɗaya ne: kowacce na cewa babu mutum a jikin yaron.

3.0 Alamar da Ta Fito Daga Ciki

Mark Haddon, marubucin Ingila, ya bi wata hanya a The Curious Incident of the Dog in the Night-Time (2003). Bai ambaci sunan larurar a cikin labarin ba, sai ya bar Christopher, ɗan shekara 15, ya ba da labari da bakinsa. Babukan littafin suna tafiya ne 2, 3, 5, 7, 11, wato lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya, saboda su yaron ke so. Jajayen motoci huɗu a jere alamar kyakkyawar rana ce gare shi, masu ruwan ɗorawa kuwa baƙar rana.

Zayyana mafi ƙarfi ita ce ta hannu. Christopher ba ya jure runguma, don haka iyayensa kan ware yatsu, shi ma ya ware nasa, su haɗa. Wannan ita ce ƙaunar gidan, bisa sharaɗin yaron. Shi ya sa ƙaryar uban, cewa uwar ta mutu, ta yi ciwo: yaron da ya gina duniyarsa a kan gaskiya ya daina amincewa da hannun da ake miƙo masa.

4.0 Kammalawa

Marubucin da ya tashi a Gashuwa, a gaɓar Kogin Yobe, ko a fadamar Nguru, ba zai rasa ruwa a alƙalaminsa ba, kuma camfin ɗan ruwa na nan kusa yana jiransa. In ya ɗauke shi yadda ya gada, ya ƙara wa uwar yaron nauyin tsegumin maƙwabta. Abin da ya fi shi ne ya zauna a idon yaron: me yake gani a kogin? Wataƙila yana ƙirga kwale-kwalen masunta kowace safiya, yana samun natsuwa a motsin ruwa. Ta haka kogin da camfi ya mayar wurin yasar da yaro zai zama wurin da uwa ke fahimtar ɗanta.