Sassaƙen Arjuna da Danginsa a Sakkwato

Arjuna babbar bishiya ce mai fitowa a bakin koguna a Indiya. Likitancin gargajiyar ƙasar, Ayurbeda, ya daɗe yana ba da sassaƙenta ga masu ciwon zuciya, kuma malamin ɗibbu Bagbata, wanda ya rayu wajen ƙarni na 7, yana cikin waɗanda suka fara rubuta hakan. Akan daka sassaƙen, a dafa garin da madara da ruwa, a tace a sha. Gwaje-gwajen asibiti a Indiya sun nuna ɗan sauƙi ga masu ciwon ƙirji, amma yawancinsu a kan mutane kaɗan aka yi su, cikin gajeren lokaci, don haka likitoci ba su yarda ya maye gurbin maganin asibiti ba.

Arjuna ba ta cikin itatuwan dajin Sakkwato, sai dai danginta na kusa, baushe da marke. Masu magani a Tsohuwar Kasuwar birnin Sakkwato na kasa sassaƙensu tare da na maɗaci da saiwoyi iri-iri, a saya a jiƙa ko a dafa. An san baushe da marke wajen tari, gudawa, tsutsar ciki da wankin gyambo. Zamansu dangin arjuna bai isa hujjar cewa suna gyara zuciya ba.

Birnin na da tarihin rubuta magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littattafai kan basir da ciwon ido. Waɗannan cututtuka ne da majinyaci ke ji, mai magani ya ga alamarsu. Hawan jini kuwa yakan yi shekaru ba ya nuna kansa, sai an auna. Wanda ya sha jiƙo ya ji ciwon kai ya lafa zai ɗauka ya warke, har ya ajiye ƙwayoyinsa, alhali jinin bai sauka ba.

Ga kuma batun awo, inda raunin sana'ar ya fi fitowa. Da tafin hannu ko ludayi ake kimanta sassaƙe, ga shi ƙarfinsa na canzawa da shekarun bishiya da lokacin sara. Kwankwani ya isa misali: da 'ya'yansa maharba ke haɗa dafin kibiya mai tsayar da zuciya, kuma daga irin wannan tsiro likita Thomas Fraser na Edinbura ya fitar da maganin zuciya a 1885. Bambancin dafin da maganin yawan abin da ya shiga jiki ne.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, na ba magungunan gargajiya da aka ƙunsa a kwalba ko leda lamba bayan ta duba ko suna cutarwa. Lambar ba shaidar warkarwa ba ce, kuma sassaƙen da ake kasawa a tabarma ba ya bi ta hannunta.