Kalankuwar Ƙaramar Hukuma: Tarken Matsayin Matasa a Shawarar Sauyin Yanayi

A ajin nazarin wasan kwaikwayo aka karantar da mu wasan kalankuwa, wanda samari da 'yan mata kan yi da kaka bayan an kawar da amfanin gona. A wasan, samari kan naɗa wa junansu muƙamai: wannan sarki, wancan alƙali, wani ɗan doka. Su yi shari'a, su ci tara, jama'a na dariya. Idan an tashi daga dandali kowa ya warware rawaninsa ya koma gidan ubansa. Ban zaci zan gamu da wannan wasa a wajen littafi ba, sai a daminar da ta biyo bayan ambaliyar 2022, lokacin da aka gayyace ni a matsayin wakilin matasan mazaɓarmu zuwa bikin dashen bishiya a sakatariyar ƙaramar hukumarmu da ke yankin kogin Haɗeja. Wannan maƙala tarken bikin ce, da ma'aunin da muke auna wasan kwaikwayo: wa ya tsara shi, me aka ba kowa ya yi, me kuma ya rage bayan an watse.

Zubin wasan ba shi da sarƙaƙiya. An kafa rumfa, manyan baƙi sun zauna a inuwa, mu kuma aka raba mana riguna da huluna masu tambari muka jeru a rana. Mu muka haƙa ramukan tun jajibere. Mai jawabi ya kira mu manyan gobe, aka yi tafi. Babban baƙo ya durƙusa ya dasa darbejiya guda, aka zuba mata ruwa da buta, masu ɗaukar hoto suka yi aikinsu. Da aka zo kaina, sai aka miƙo mini takardar godiya da aka riga aka rubuta, aka ce in karanta a taƙaice domin baƙi na sauri. Na karanta.

Abin da na ƙunso daga gida ya sha bamban da abin da ke takardar. Na so in yi maganar kacala, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru. Tun da madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar kogin, ruwa ya daina janyewa sarai da rani, kacala ta samu wurin zama, ta tara laka, har ruwan damina ya rasa hanya ya faɗa gonaki da gidaje. Na so kuma in faɗi cewa a dararen ambaliyar 2022 samari ne suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga. Babu wanda ya tambaye mu inda ya kamata a yi dashen, ko irin itacen da ya dace, ko wanda zai yi ban ruwa. An zaɓi bakin titi domin nan hoto ya fi kyau. Ba a yi shinge ba. Kafin bazara awaki sun gama da abin da rana ta bari.

A nan ne babban aibin wasan yake. Tauraron da aka ambata a jigo, wato matashi, an ba shi gurbin ɗan kallo da na ɗan dako. A kalankuwa ta gargajiya kowa ya san wasa ake yi, kuma samari da kansu ke tsara shi, har su samu damar yi wa masu mulki shaguɓe. A tamu kalankuwar an ce mana da gaske ake, alhali rubutun na wani ne, shaguɓen ma an hana.

Mai karatu zai iya cewa ai doka ta tanadi gurbin matasa. Gaskiya ne cewa Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 ta kafa majalisar ƙasa kan lamarin, ta kuma sa wakilin matasa a cikinta. Sai dai wannan majalisa a Abuja take. Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 kuwa ƙananan hukumomi ya ɗora wa kula da magudanan ruwa da kwashe shara da kasuwanni, tare da sa hannu a bunƙasa noma. Waɗannan su ne wuraren da talaka ke haɗuwa da sauyin yanayi ido da ido. Ƙananan hukumomi 774 ke Nijeriya, 27 daga ciki a Jigawa, kuma a kowace ana yanke shawarar gaske ne wajen tsara kasafin kuɗi da zaman kwamitin kuɗi da ayyuka. Ba a taɓa gayyata ta can ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa tambayar nauyi: idan kuɗi ya iso, su wa za su zauna inda ake raba shi? Gyaran tsarin mulki na 2018 ya rage shekarun takarar majalisar dokokin jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, amma a zaɓen kansila, inda jam'iyya mai mulkin jiha ta saba lashe kujeru kusan duka, yardar uban gida ta fi shekaru tasiri.

Adalcin tarke ya wajabta in saurari ɗaya ɓangaren. Dattawa kan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma a kan ruwa maganarsu na da tushe. Kakana ya san tsohuwar hanyar da kogi ke bi kafin a gina Tiga, ni ban sani ba. Mu ma muna da namu laifin. Na karɓi hular, na karɓi kuɗin mota, na karanta takardar ban ƙara ko kalma ba. Ƙungiyoyinmu da yawa ba sa motsi sai an buga gangar siyasa. Duk da haka, sanin dattijo na jiya ne, mai kwana a jinga kuma shi ya san inda take yoyo yau. Shawarar da ta rasa ɗaya daga cikin biyun gurguwa ce.

Ba sai an yi nisa ba wajen neman misalin da ya fi namu. A yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun shekarun 1980 manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ke fitowa daga kututture, sai a zaɓi 'yan kaɗan a gyara su a bar su su girma. Ta haka gawo da sauran itatuwa suka dawo gonaki har zuwa Damagaram, ba tare da rumfa ko jawabi ba. Abin ya bunƙasa ne sa'ad da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, shi zai ci moriyarsa. Darbejiyar sakatariyarmu ta mutu domin ba ta kowa ba ce.

Da za a ba ni damar sake rubuta wasan, gyara uku zan yi. Na farko, kowace mazaɓa ta samu wakilin matasa a kwamitin da ke duba muhalli da ayyuka, wanda masunta da manoman rani da makiyaya da 'yan mata suka zaɓa da kansu, kuma ra'ayinsa ya shiga rubutaccen bayanin zama. Na biyu, a fassara kason magudanan ruwa da dashe na kasafin kuɗi zuwa Hausa, a liƙa shi a sakatariya, a karanta shi a dandalin kowace mazaɓa kafin ruwa ya sauka. Na uku, a daina ƙirga dashe ranar biki, a ƙirga shi bayan ya ga rani guda, a damƙa kowane layi ga ƙungiyar da za a biya gwargwadon abin da ya rayu. Muna da gayya, muna da sarkin samari. Abin da suke nema shi ne kayan aiki da ikon cewa a fara daga nan.

Hular tana nan rataye a ɗakina. Idan an sake gayyata ta zan je, amma da tawa takardar a aljihu, kuma tambayar farko da ke cikinta ita ce ranar da kwamitin kuɗi zai zauna.