Bugu Ɗaya Tak: Gwanintar Misirawa a Wasan Kuroke

Ruwan da ke bi ta gaban garin Mai Wurno a Sudan, ya ratsa madatsar Sinnar, ya gamu da Farin Nilu a Khartum, shi ne yake gangarawa har Alƙahira. A can yana shayar da wasu filaye na lallausar ciyawa, shimfiɗaɗɗu ba tudu ba kwari, waɗanda a kansu aka yi rainon gwanayen da suka shekara goma sha biyar duniya ba ta iya karɓe kambu daga hannunsu ba. Wasan da suka gwanance a kai sunansa kuroke. Duk Bahaushen da ke zaune a yankin Jazira ko a bakin Shuɗin Nilu ya san Misirawa da ƙwallon ƙafa da fina-finai da karatun Azhar, to ga wata baiwa tasu da ta cancanci a sani, domin akwai abin koyo a cikinta.

Kayan wasan ba su da yawa. Fili ne mai tsawon yadi 35 da faɗin yadi 28, wato wajen mita 32 da mita 25 da rabi. An kafa ƙofofin ƙarfe shida a cikinsa, kowace tsayinta ƙafa ɗaya daga ƙasa, da turke ɗaya a tsakiya. Ƙwallaye huɗu ne: shuɗi da baƙi gefe ɗaya, ja da rawaya ɗaya gefen. Kowace ƙwallo nauyinta giram 454, kaurinta milimita 92. Ɗan wasa yana riƙe da guduma mai doguwar ƙota, nauyinta ya ɗara kilo ɗaya, da ita yake buga ƙwallo don ta ratsa ƙofa. Wanda ya ji wannan bayani zai ce ai abin ba wuya. Wuyar tana cikin faɗin ƙofar. A manyan gasa, abin da ƙofa ta fi ƙwallo da shi bai cika milimita ɗaya ba, kuma ana dasa ta ne daram cikin ƙasa yadda ba za ta motsa ba. Ƙwallon da ta kauce da ƙwayar gero sai ta daki ƙarfe ta dawo, ko ta maƙale a baki.

A Ingila wasan ya bunƙasa a tsakiyar ƙarni na 19. Kulob ɗin Wimbledon da duniya ta sani yau da tanis, don kuroke aka kafa shi a 1868, kuma an buga kuroke a gasar Olamfik ta Faris a 1900, har da mata cikin 'yan wasa. A 1925, shekarar da aka kammala madatsar Sinnar, aka fara gasar Garkuwar MacRobertson tsakanin Ingila da Ostareliya, daga baya New Zealand da Amurka suka shigo. Turawan mulkin mallaka ne suka kai wasan Masar, suna buga shi a wuraren shaƙatawarsu irin kulob ɗin Jazira da ke tsibirin Zamalik a Alƙahira, wanda aka kafa a 1882. Da suka tafi, filayen suka zauna a hannun 'yan ƙasa, a Alƙahira da Iskandariya, su kuwa suka sake wa wasan fasali.

Salo biyu ne manya. A salon asali, wanda Ingilishi suka fi so, idan ƙwallonka ta taɓa wata ko ta ratsa ƙofa sai ka sami ƙarin bugu, don haka gwani yana iya zagaye ƙofofin shida sau biyu, wato ratsawa goma sha biyu a jere, abokin karawarsa na zaune a kujera yana kallo. Misirawa sun rungumi ɗaya salon ne, wanda ake kira kuroken golf. A nan kowa bugu ɗaya yake da shi a karonsa, kuma bi da bi ake yi: shuɗi, ja, baƙi, rawaya, a sake komowa kan shuɗi. Dukkan ƙwallayen huɗu ƙofa ɗaya suke nema. Wanda ya fara ratsa ta ya ci maki ɗaya, sai kowa ya juya zuwa ta gaba. Gefen da ya fara tara maki bakwai shi ya ci. Idan aka yi shida da shida, sai a je ƙofa ta goma sha uku, ita ke raba gardama.

Gwaninta tana farawa ne tun kafin guduma ta taɓa ƙwallo. Dubi gwani idan karonsa ya zo. Ba ya zuwa wa ƙwallo ta gefe. Sai ya ja da baya taku huɗu ko biyar, ya tsaya inda ƙwallonsa da abin da yake nufi suka daidaita a layi ɗaya, sannan ya tako a hankali a kan wannan layin, don ƙafafunsa da kafaɗunsa su iso suna fuskantar inda ya dace. Ya buɗe ƙafafu, guduma na rataye a tsakaninsu. Wasu sukan lilo ta sau biyu ko uku a saman ƙwallo suna gwada layin. Sa'annan ya ja ta baya, ya sake ta ta dawo da nauyinta, lilon yana fitowa daga kafaɗa, wuyan hannu bai karkace ba. Idonsa na kan bayan ƙwallo, ba ya ɗaga kai sai ta tafi. Mai koyo kuwa ɗokin ganin inda ƙwallo za ta nufa ke sa shi ɗaga kai da wuri, kafaɗa ta bi kan, guduma ta bi kafaɗa, bugu ya lalace. Duk wannan ba ya wuce daƙiƙa kaɗan, amma shekaru ake yi ana gyara shi.

Hannu kaɗai ba ya cin wasa. Wanda ya iya dara zai gane wannan nan take, domin kuroke dara ce da ake yi a tsaye: kafin ka ajiye naka, sai ka lissafa abin da abokin karawa zai yi, da abin da za ka mayar masa. A ce mai shuɗi ya ajiye ƙwallonsa yadi ɗaya a gaban ƙofa, daidai tsakiya. Bai ci komai ba tukuna, domin kafin karo ya dawo kansa, ja zai buga, rawaya ma zai buga. Mai ja yana da zaɓi: ya daki shuɗi ya kore shi, ko ya gitta tasa tsakanin shuɗi da ƙofa ya tare hanya. Idan ja ya kuskure, sai baƙi, abokin shuɗi, ya yi aikin gadi: ko ya kori rawaya zuwa bakin fili, ko ya ajiye kansa a kan layin da rawaya zai bi, ya kare ɗan'uwansa. Rawaya ne ke da damar ƙarshe. Idan shi ma ya rasa, shuɗi ya ratsa. A hannun gwanaye ana iya ɗaukar minti goma ana kora da dawowa a kan ƙofa ɗaya, kowa na jiran ɗaya ya yi sake.

Kora ma iri-iri ce. Mafi daraja ita ce wadda ake dakan ƙwallon abokin karawa daidai tsakiyarta, a tsayar da guduma nan take, sai tasa ta tafi can nesa, taka kuwa ta tsaya cik a gaban ƙofa. Da bugu ɗaya ka kori mutum ka gaje wurinsa. Haka nan wajen ratsa ƙofa, gwani ba ya wadatuwa da ƙwallo ta leƙa kawai. Yana auna ƙarfin bugun yadda za ta ratsa ta miƙe har kusa da ƙofa ta gaba, ya zama ya ci wannan ya kuma riga kowa zuwa waccan. Dokar wasa ta hana wayon tura ƙwallo gaba ta jira: wadda aka samu ta wuce rabin hanya zuwa ƙofa ta gaba ba bisa ƙa'ida ba, ana iya mayar da ita gefen fili ta buga daga can.

Bugun da ya fi tayar da 'yan kallo tsaye shi ne tsalle. Wani lokaci ƙwallon abokin karawa takan zauna a cikin bakin ƙofa, rabi ciki rabi waje. In ka dake ta daga gaba, kai da kanka ka tura ta ta ci maki. In ka ƙyale ta, a karonta na gaba za ta ƙarasa. Sai gwani ya matso gaba kaɗan har ƙwallonsa ta koma tsakanin ƙafafunsa, ya karkata guduma ya buge ta daga sama zuwa ƙasa. Ƙwallo ta matsu a ƙasa ta yi sama tana juyawa, ta haye kan waccan, ta bi ta ɗan sararin da ya rage ƙarƙashin kan ƙofa, ta sauka a baya. Makin ya zama nasa. Idan bugun ya yi rauni sai ta tura ta abokin karawa, idan ya yi yawa ta daki kan ƙarfe, idan kuma guduma ta ɓarke ciyawa ya yi laifi. Tsakanin waɗannan hatsarori uku gwani yake bi.

Abin da Misirawa suka kawo shi ne ƙarfi tare da saiti. A da ana ɗaukar kuroken golf wasan yamma ne na masu hutawa, a tura ƙwallo a hankali ana hira. Su kuwa suka riƙa buga shi kamar yaƙi, sau da yawa da dare ƙarƙashin fitilu saboda zafin rana, suna dakan ƙwallo daga yadi ashirin ko fiye, suna ratsa ƙofa daga nisan da wasu ke ganin wurin ajiya ne kawai. Akwai hikima a cikin wannan ƙarfi. Ƙwallo mai gudu ba ta cika bin karkatar ƙasa ba, kuma wadda aka kora da ƙarfi takan yi nisa, ta bar mai ita da dogon aiki. Da zarar abokin karawa ya san ko daga ƙarshen fili za ka same shi, to babu wurin da zai ajiye ƙwallo hankalinsa ya kwanta, daga nan kuma kuskure ke shigowa.

Sakamakon a rubuce yake. Hukumar Kuroke ta Duniya, WCF, ta shirya gasar duniya ta farko a wannan salo a Italiya a 1996, Khaled Younis na Masar ya ɗauka. Salah Hassan ya ɗauka a Alƙahira a 1997. Younis ya sake a 1998 da 2002, Hassan ya sake a 2000. Daga nan sai 'yan gida ɗaya: Ahmed Nasr a 2004 da 2008, ɗan'uwansa Mohamed Nasr a 2006. Gasa takwas a jere, a nahiyoyi daban-daban, duka Masar. Sai a 2011 a Landan Mark McInerney na Ireland ya zama na farko da ba Bamisire ba. A 2012 Masar ta lashe gasar duniya ta ƙungiyoyin ƙasashe a Afirka ta Kudu, kuma Ahmed El Mahdi ya dawo da kambun mutum ɗaya a New Zealand a 2015. Mata ba a bar su baya ba: Nahed Hassan ta ci gasar mata ta farko a Alƙahira a 2005, Soha Mostafa ta ci ta 2019.

Babbar shaidar gwanintarsu ita ce waɗanda suka zo suka doke su, da salonsu suka doke su. Reg Bamford na Afirka ta Kudu, wanda ya riga ya zama zakaran duniya a salon asali, ya je har Alƙahira a 2013 ya ci Ahmed Nasr a wasan ƙarshe, ya sake ɗaukar kambun a 2017. Bayansa Amurkawa suka taso, Ben Rothman a 2019 da Matthew Essick a 2022. Dukkansu da bugu mai ƙarfi da saitin nesa suke wasa, wato darasin da aka karanta a bakin Nilu.

Akwai kuma tarbiyyar da wasan ke ɗauke da ita. A kuroke 'yan wasa su ne alƙalan farko a kan kansu. Wanda gudumarsa ta taɓa ƙwallo sau biyu a bugu ɗaya, ko ya matse ta jikin ƙarfe, ana sa ran ya faɗa da bakinsa ko da ba wanda ya gani, kuma idan bugu mai haɗari ne shi zai ɗaga guduma ya kira alƙali ya zo ya tsaya a kansa. Wasa ne da dattijo da saurayi, mace da namiji, ke karawa a fili ɗaya da doka ɗaya, domin abin da ake aunawa shi ne natsuwa da ido da lissafi.

Tun Afrilun 2023 yaƙi ya tarwatsa gidaje da makarantu a Sudan, Jazira da Sinnar sun sha nasu kason, Allah ya kawo ƙarshensa. Idan ƙura ta lafa, yara za su buƙaci wasa kamar yadda za su buƙaci allo da littafi. Ƙasar Jazira shimfiɗaɗɗiya ce, kafinta zai iya sassaƙa guduma, maƙeri zai iya lanƙwasa ƙofofi shida, kuma don koyo fili mai laushi da aka share ya isa kafin a samu ciyawa. Malaman makaranta da shugabannin matasa na Mai Wurno da ƙauyukan Hausawa da ke kewaye, ku sa wannan wasa cikin waɗanda za ku gwada. Ku nuna wa yara bidiyon wasannin Ahmed Nasr da Soha Mostafa, ku gaya musu cewa maƙwabtansu ne, sannan ku ba kowane yaro guduma ya koyi yin tunani kafin ya buga.